Yadda za ka gina manhajar da za ta taya injiniya tsara siginar jirgin ƙasa

Duk wanda ya taso a zangon Kumasi ya san tsohon layin dogon da ya ratsa ta gefen babbar kasuwa, amma matasa kaɗan ne za su ce maka sun taɓa ganin jirgi a kansa. Masu tumatir da masu gwanjo sun daɗe da maye gurbin taragai. Layin da ya taso daga Sekondi ya iso garin nan a 1903, na Accra kuma ya haɗe a 1923, kuma jirgin nan ne ya riƙa kai goron kakanninmu fatake bakin teku. Yanzu maganar jirgi ta sake tasowa a Ghana. An buɗe sabon layin Tema zuwa Mpakadan, mai tsawon kusan kilomita 97, a watan Nuwamban 2024, ana kuma aikin sabunta layin yamma. Ƙarfe da siminti kuɗi ke sayen su. Abin da ke da wuyar samu shi ne mutumin da zai dubi zanen tasha ya ce nan za a kafa sigina, wannan hanya da waccan kuma har abada ba za a buɗe su tare ba. Masu wannan sani ba su da yawa a cikinmu, kuma galibinsu furfura ta riga ta cika musu kai.

Na rubuta wannan jagora ne domin ƙannenmu da suka iya rubuta manhaja, ko a jami'ar KNUST ta Kumasi suka koya ko a kan kwamfutar aro a Aboabo. Abin da za mu gina shi ne manhajar gwani, wato manhajar da aka zuba wa ƙa'idojin da gwanayen wata sana'a ke aiki da su, tana bin su ɗaya bayan ɗaya har ta kai ga hukunci, kuma in ka tambaye ta dalili ta zayyano maka. Ba sabon abu ba ne. An fara DENDRAL a jami'ar Stanford ta Amurka a 1965 domin masana sinadarai, MYCIN ta biyo baya da ƙa'idoji kusan 600 kan cututtukan jini, a 1980 kuma kamfanin DEC ya fara amfani da XCON wajen harhaɗa kayan kwamfutocinsa. Tsohuwar dabara ce, amma ta dace da aikin sigina fiye da sababbin da ake yayi, domin a wannan sana'a amsa marar dalili ba amsa ba ce.

Mataki na farko: ka san abin da ba shi kake ginawa ba

A kowace tasha ta zamani akwai na'urar da ke hana mai kula da sigina yin kuskure. Ba za ta bari sigina ya nuna kore ba sai majuyar layi, wato inda layi ke rabuwa biyu, ta zauna daidai ta kulle, kuma babu wani jirgi a gaba. Ma'aikata na kiran ta intalokin, kuma asalinta tun 1856 ne, lokacin da John Saxby ya yi rajistar irin ta ƙarfe a Ingila. Ba ita kake ginawa ba. Kai kana gina mataimakin mutumin da ke zaune a ofis yana tsara abin da za a zuba wa waccan na'ura: inda sigina zai tsaya, hanyoyi nawa ne a tashar, da sharuɗɗan buɗe kowace.

Ko a nan ɗin ma akwai zaɓi, kuma shawarata ka ɗauki ƙaramin. Ƙa'idar Turai ta EN 50128, wadda ta shafi manhajojin sarrafa jirgin ƙasa, ta kasa kayan aiki gida uku. T1 shi ne wanda abin da ya fitar ba ya shiga cikin na'urar. T2 mai dubawa ne, in ya yi kuskure iyakarsa ya kasa gano aibi, amma ba zai haifar da sabon aibi ba. T3 kuwa shi ke samar da abin da na'urar za ta yi aiki da shi, don haka hujjar da za a nema a kansa mai nauyi ce ƙwarai. Ka fara da mai dubawa. Injiniya ya yi tsarinsa da hannu, manhajarka ta yi nata a gefe, a gwada su. Wanda ya zo ofis ya ce manhajarsa za ta karɓe wa injiniyoyi aiki, za a ba shi kujera a saurare shi, sannan a raka shi bakin ƙofa.

Mataki na biyu gajere ne amma ba a tsallake shi: ka koyi kalmomin sana'ar kafin ka je gaban masu ita. Sashe shi ne guntun layi da na'ura ke iya sanin ko akwai jirgi a kansa. Majuya ita ce inda layi ke rabuwa biyu, tana zama a miƙe ko a karkace. Hanya ita ce tafiya daga sigina zuwa sigina na gaba. Rarar tsaro ita ce 'yar tazarar da ake barin ta fayau a bayan siginar da ke nuna ja, ko da birki zai ci amanar direba. A Ingila an saba barin mita 183. Jadawalin kulle kuma shi ne takardar da ta tattara sharuɗɗan kowace hanya. Hanyoyi biyu da ba a buɗe su tare, ni kishiyoyi nake ce musu, kuma haka zan riƙa kiran su a nan.

Mataki na uku: zama da gwani

A nan aikin yake, kuma a nan mafi yawan masu manhaja ke faɗuwa. Edward Feigenbaum, ɗaya daga cikin waɗanda suka gina DENDRAL, ya daɗe da nuna cewa fitar da ilimi daga kan gwani shi ne maƙogwaron wannan aiki, duk sauran abu yana jiran abin da ya wuce ta nan ne.

Gwanin da na fara zama da shi wani dattijo ne da muke sallah masallaci ɗaya a Asawase, wanda ya yi rayuwarsa a ɗakin sigina a layin yamma. Ranar farko na je da littafi da biro, na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, ƙa'idojin aikinku nake so ku faɗa mini in rubuta." Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ƙa'ida ai ɗaya ce. Kada jirgi biyu su haɗu." Ya ci gaba da jan carbinsa. Gaskiya ya faɗa, sai dai ba abin da kwamfuta za ta yi da ita. Mutumin da ya shekara talatin yana abu ba ya tuna cewa yana bin ƙa'ida, hannunsa ne kawai ke tafiya, kamar yadda mai waakye ba za ta iya gaya maka gishiri cokali nawa take zubawa ba.

Mako na gaba na koma da kwali na zana tasha a kai, marafan kwalba suka zama jirage, tsinken ashana ya zama sigina. Na daina tambayarsa ƙa'ida. Sai in shirya abu da gangan ba daidai ba, in ce, "Baba, in na buɗe wa wannan hanya, na kuma buɗe wa wancan, da laifi?" Nan take zai ɗaga murya: "Kai! Wa ya koya maka wannan?" Daga nan sai in bi shi da me ya sa, in ya ba da dalili in sake canza abu ɗaya tak a kan kwalin in ga ko hukuncin zai canza. In na matsar da tsinken ashana taƙi ɗaya ya ce yanzu babu laifi, to na kama ƙa'ida, har da iyakarta. Gwani ya fi saurin gane kuskure a kan bayyana daidai, don haka kuskure za ka riƙa kai masa.

Ka naɗi muryarsa da izininsa, ka rubuta maganar yadda ta fito, Hausa da Twi da Turancin reluwe a cakuɗe, kada ka gyara ta a wurin. Zama ɗaya kada ya wuce awa guda, tsakanin la'asar da magariba ya isa. Kuma ka biya shi haƙƙinsa. Goro na gaisuwa ne, ilimin da ya tara kuwa aiki ne, a sa shi cikin kasafin kuɗi kamar yadda za a sa kuɗin kwamfuta.

Abu biyu za su ba ka wahala. Na ɗaya, gwanaye biyu za su saɓa. Kada ka zaɓi wanda ya fi burge ka. Ka rubuta duka biyun, ka duba littafin ƙa'idojin da hukuma ta amince da shi, in shi ma bai raba gardama ba ka miƙa wa mai ikon sa hannu ya yanke. A Ghana, Hukumar Bunƙasa Layin Dogo da aka kafa da dokar 2008 ita ke da alhakin sa ido kan harkar. Na biyu, wani abin da dattijo zai gaya maka ɗabi'ar tsohon kayan aiki ce, na zamanin da ake jan sigina da waya da ƙarfin hannu. Dole ka tace, ka raba abin da yake na tsaro a kowane zamani da abin da ya mutu tare da tsohuwar na'ura. Da tsohuwar zuma ake magani, amma ba a haɗawa da kakin.

Mataki na huɗu: mayar da tasha abin da kwamfuta za ta karanta

Kwamfuta ba ta ganin zane, jerin bayanai take gani. Mu ɗauki ƙaramar tasha ta misali, irin wadda ake yi a layi guda domin jirage su kauce wa juna. Daga yamma akwai sashen A, sai sashen B mai ɗauke da majuya ta 1. Daga nan layi ya rabu: C shi ne babban layi, D layin ratse. Suka sake haɗuwa a sashen E mai majuya ta 2, sai F ya fita gabas. Sigina S1 na tsare da mashigar yamma, S2 na tsare da ta gabas. A ƙarshen C da D ta gabas akwai S3 da S5, a ƙarshensu ta yamma akwai S4 da S6.

Za ka rubuta kowane ɗayan nan a matsayin gaskiya guda: B na manne da C in majuya ta 1 na miƙe, B na manne da D in tana karkace, tsawon C mita kaza, gangararsa kaza, gudun da aka yarda a kansa kaza. Kada ka manta da faɗin layi, domin ƙasar nan yanzu iri biyu gare ta: tsohon mai milimita 1067 da sabon mai 1435. Akwai tsarin musayar bayanan layin dogo da ake kira railML, yana da kyau ka leƙa shi ko don ka ga yadda wasu suka kasa abubuwan, amma a farkon tafiya jadawali mai sauƙi ya wadatar.

Kafin kowace ƙa'idar tsaro, ka rubuta masu duba bayanan kansu. Sashen da bai manne da komai ba, majuya mai ƙafa biyu maimakon uku, siginar da ba a faɗi inda ya fuskanta ba, duk manhaja ta tsaya ta yi ƙorafi. Yawancin shirmen da za ka gani daga baya daga nan yake fitowa.

Mataki na biyar: ƙa'idojin, da ramin da na faɗa

Da farko manhaja ta nemo hanyoyi da kanta: ta tashi daga kowane sigina ta bi layi har ta ci karo da sigina na gaba mai fuskantar inda ta dosa. A tasharmu za ta samu takwas: S1 zuwa S3, S1 zuwa S5, S2 zuwa S4, S2 zuwa S6, sai fita huɗu, biyu gabas biyu yamma. Hanya takwas na nufin tagwaye 28 da za a duba ko kishiyoyi ne. Mutum zai iya wannan da shayi kofi ɗaya. Tasha mai hanya 40 kuwa tagwaye 780 ne, kuma a nan ne ido ke gajiya.

Ƙa'idojin farko da na rubuta biyu ne, kuma na yi ta jin daɗin kaina:

IDAN hanya biyu sun bi ta sashe ɗaya, TO kishiyoyi ne.

IDAN hanya biyu na buƙatar majuya ɗaya, wannan a miƙe waccan a karkace, TO kishiyoyi ne.

Na kai wa Baba sakamakon. Manhajar ta ce ana iya buɗe S1 zuwa S5 da S2 zuwa S4 lokaci guda, wato jirgin yamma ya shiga layin ratse, na gabas ya shiga babban layi. A takarda babu laifi, na farko ya bi B da D, na biyu ya bi E da C, ba su haɗa sashe ko ɗaya ba. Baba ya ɗauki marfin kwalbar da ke kan D ya tura shi a hankali har ya gota tsinken S5 da kaɗan. Ya ce, "To in ruwa ya sauka, dogo ya yi santsi, ya zarce haka, ina ya shiga?" Ya shiga E, daidai inda jirgin gabas ke wucewa. Na manta da rarar tsaro. Ƙa'ida ta uku ke nan:

IDAN rarar tsaron wata hanya ta faɗa cikin sashen da wata hanya ke bi, TO kishiyoyi ne, sai fa in akwai layin tarko da zai karkatar da jirgin da ya zarce.

Da wannan, layin S1 zuwa S5 a jadawalin kulle zai fito haka: majuya ta 1 a karkace kuma a kulle; B da D babu jirgi; E babu jirgi a matsayin rarar tsaro, majuya ta 2 kuma a kulle ta fuskar D; kishiyoyinta su ne S1 zuwa S3, hanyoyin S2 duka biyu, fitar S4 da ta S6 zuwa yamma, da fitar S3 zuwa gabas. Fitar S5 zuwa gabas ba kishiya ba ce, ci gaban tafiyar jirgi ɗaya ne.

Daga nan ƙa'idoji za su yi ta ƙaruwa. Akwai kariyar gefe, wato a juya majuyar da ba ta cikin hanyar ma, domin taragon da ya gangaro daga layin ajiya kada ya soki jirgi a haƙarƙari. Akwai kullen tunkara: in direba ya riga ya ga kore sannan aka soke hanyar, majuya ba za ta saki ba sai an jira wani lokaci, domin mai yiwuwa ba zai iya tsayawa ba. Kowace ƙa'ida ka ba ta lamba, ka rubuta inda ta fito, ranar da aka shigar da ita, da wanda ya amince. Ƙa'ida ɗaya, magana ɗaya. In ka ga kana rubuta "sai dai" sau uku a cikin guda, raba ta.

Mataki na shida: da wane yare za ka rubuta

Ba na son doguwar gardama a nan. Prolog, wanda aka ƙirƙira a Marseille ta Faransa a 1972, ya dace da neman hanyoyi da tambayar "shin wannan ya halatta?", kuma SWI-Prolog kyauta ne. CLIPS, wanda hukumar NASA ta samar a 1985, yana tashi ne daga bayanai ya yi ta harba ƙa'idoji har su ƙare, shi ma kyauta ne. In Python kaɗai ka iya, yi da shi, sharaɗi ɗaya ne: ƙa'idoji su zauna a fayil nasu daban, a rubuce yadda injiniyan da bai san manhaja ba zai karanta ya ce e ko a'a.

Abin da zan ja kunnenka a kai shi ne wata ɗabi'ar Prolog. Duk abin da ba a gaya masa ba, yana ɗaukar sa babu. In ka manta ba ka shigar da cewa titi ya ratsa sashen F ba, ba zai ce bai sani ba, zai ce babu titi, hanya lafiya. Wannan akasin ruhin sana'ar ne. Tun da William Robinson ya ƙirƙiro da'irar lantarki ta layi a 1872, wato dabarar gane ko akwai jirgi a kan sashe ta hanyar lantarkin da ke bin dogo, an gina ta ne yadda in waya ta tsinke, ko wuta ta ɗauke, ko dogo ya karye, sigina ya koma ja. Lalacewa na kai wa ga tsayawa. Manhajarka ma haka: amsa uku gare ta, e, a'a, da ba a sani ba, kuma ba a sani ba hukuncinta ɗaya da haɗari. Kowace tagwayen hanya kishiyoyi ne har sai an tabbatar ba haka ba. MYCIN tana ba da amsa da ma'aunin yaƙini, ta ce wataƙila ƙwayar cuta kaza ce. Likita na iya aiki da wataƙila, mai sigina ba ya iyawa.

Saboda wannan dalili ne ba na barin manhajojin hira na zamani su yanke hukunci a nan. Suna da amfani wajen tsara rubutun hirarka da gwani, amma abin da za ka yi wa tambaya ɗaya sau biyu ya ba ka amsa biyu ba shi da wuri a jadawalin kulle.

Mataki na bakwai: tazara, da abin da zane ba ya nunawa

Dole gargaɗi ya riski direba da nisan da zai iya tsayawa. Lissafin asali shi ne gudu sau gudu, a raba da ninki biyu na ƙarfin birki. Misali kawai: jirgi na gudun kilomita 80 a awa, wato mita 22.2 a daƙiƙa, birkinsa na rage mita 0.5 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa zai ci kusan mita 494. In gangara ce ta mita 1 cikin 100, ƙarfin birkin ya ragu zuwa kusan 0.4, tazarar ta haura mita 610. Ka ƙara daƙiƙoƙin da direba zai ɗauka kafin ya taka, da waɗanda iska za ta ɗauka kafin ta kama birkin tarago na ƙarshe. Ainihin alƙaluman kuwa daga masu jiragen za ka karɓo, kuma da jirgi mafi munin birki ake lissafi, wato mai jan manganis daga Nsuta, ba na fasinja mai sauƙi ba.

Sai ganin sigina. A hatsarin Ladbroke Grove na Landan a watan Oktoban 1999 mutum 31 suka rasu, bayan direba ya wuce siginar SN109 yana nuna ja, siginar da aka riga aka wuce shi haka sau takwas cikin shekaru shida saboda wahalar hango shi. Manhaja ba ta da ido. Abin da za ta iya shi ne ta ce wannan sigina na bayan kwana, ko yana fuskantar faɗuwar rana, a je a duba da ƙafa. A wajenmu ka ƙara ciyawar damina da ke rufe komai cikin 'yan makonni, da hazon hunturu, da rumfunan da ke tsirowa a gefen dogo.

Akwai kuma tsatsa. Layin da jirgi ba ya yawan bi, tsatsa na iya hana ƙafafunsa haɗa lantarkin dogo biyu, sai na'ura ta ce babu kowa alhali jirgi na tsaye. Ka rubuta ƙa'idar da za ta ja hankalin injiniya zuwa na'urar ƙirga ƙafafun jirgi a irin wannan wuri, shi ya yanke. Kuma da da'irar lantarki da na'urar ƙirgan, duka biyun ba sa ganin mota. A watan Afrilun 2024 jirgin gwaji a layin Tema zuwa Mpakadan ya daki wata babbar mota da aka bari a kan dogo. Saboda haka kowace mararraba ta shiga bayananka, har wadda jama'a suka buɗe da kansu.

Mataki na takwas: bayani da gwaji

Kada manhaja ta taɓa cewa "kuskure" ta yi shiru. Ta ce: S1 zuwa S5 da S2 zuwa S4 kishiyoyi ne, saboda ƙa'ida ta 3, rarar tsaron S5 ta shiga E, E kuma na cikin hanyar S2. Injiniya ya iya tambayar ta me ya sa, ya kuma iya tambayar me ya hana. In ya ƙi shawararta yana da iko, amma ya rubuta dalili a ajiye. Waɗannan dalilai su ne ƙa'idojinka na gobe.

Wajen gwaji, ka samo jadawalin wata tasha da aka riga aka amince da shi, wadda ba ka yi amfani da ita wajen rubuta ƙa'idoji ba. Duk inda manhaja ta saɓa da shi, ku zauna ku gano mai gaskiya. Sannan ka sa wani, ba kai ba, ya dasa kurakurai a ɓoye: ya goge kishiya ɗaya, ya juya majuya ɗaya, ya rage tsawon sashe. Ka ƙirga nawa ta kama. Wanda ya kuɓuce ya fi waɗanda aka kama muhimmanci. Ka kuma ƙirga ƙarar banza, domin manhajar da ke ihu sau hamsin a kan abin da ba laifi ba, ranar da ta yi na gaskiya ba mai waiwayowa.

Dalilin da ya sa na nace a kan wani daban shi ne Clapham Junction. A ranar 12 ga Disamban 1988 mutum 35 suka rasu a can, saboda tsohuwar waya da aka bari ba a naɗe ba yayin sabunta sigina, kuma ba wanda ya zo ya duba aikin bayan mai yin sa, wanda ya yi makonni yana aiki babu hutu. Mai rubuta ƙa'ida ba ya zama mai duba ta. Duk lokacin da ka taɓa ƙa'ida ɗaya, ka sake gudanar da dukkan gwaje-gwajen daga farko, ka ajiye kowane canji a Git, manhajar adana tarihin canje-canje, ka kuma tura kwafi wani wuri kafin dumsor, wato ɗaukewar wutar lantarki, ya yi maka nasa gwajin.

In tafiya ta yi nisa, akwai matakin tabbatarwa ta lissafi, inda ake kafa hujja cewa babu wani yanayi da kishiyoyi za su buɗe tare. Da irin wannan dabara, wadda ake kira hanyar B, aka gina manhajar layi na 14 na jirgin ƙarƙashin ƙasa na Paris da aka buɗe a 1998. Amma wannan na bayan ka samu ƙa'idoji masu kyau ne, domin lissafi zai tabbatar maka da abin da ka rubuta ne kawai, ko da ka manta da rarar tsaro.

Ranar da za ka kai aikin Ankara, kamar yadda mutanen zango ke kiran Accra, kada ka tafi da kwamfuta kaɗai. Ka buga ƙa'idojin a takarda, kowace da lambarta da asalinta, ka haɗa da sakamakon gwajin kurakuran da aka dasa, har da waɗanda suka kuɓuce da abin da ka yi a kansu. A shafin farko ka jera abubuwan da manhajar ba ta dubawa: ganin sigina, ingancin wayoyi, da duk tashar da ke da fasalin da ba a koya mata ba. Ka nemi injiniya ɗaya ya yi aiki da ita a gefen aikinsa na hannu a tasha guda, ku haɗu duk mako ku bi wuraren da suka saɓa. Ni kwalin nan da marafan kwalba har yau suna cikin jakata, domin in bayani ya cije a ofis, su nake fitarwa in baza a kan tebur.